Dersu Uzala, Maugli ko Ƙasar Sannikov: wane fim ɗin daji na Rasha ya kamata ka fara saukewa?

Idan kana son fim na daji, na doguwar tafiya da yunwa da namun dawa da mutum ya ɓata hanya rana tana faɗuwa, to tsofaffin fina-finan Rasha na zamanin Tarayyar Sobiyet suna da kaya sosai, matsalar dai ita ce mutum bai san ta ina zai fara ba, ga yare da ba ma ji, ga data ba arha ba, kuma wasunsu idan ka faɗa musu ba shiri minti ashirin zaka kashe kace ba naka bane. Guda biyar na ɗauko waɗanda duk mai leƙa wannan fannin sai ya ci karo dasu: Dersu Uzala, Neotpravlennoye Pismo, Zemlya Sannikova, katun ɗin Maugli, sai labarin Kyaftin Grant.

Abu ɗaya dai ka sani tun yanzu, Rasha ba ta da kurmi mai zafi irin na Kongo ko na Indiya. Dajinsu shine taiga, ƙungurmin daji na dogayen itatuwa da koguna da fadama da dusar ƙanƙara, ya miƙe tun daga arewacin Turai ya ratsa Saiberiya har bakin tekun Fasifik. Don haka fina-finan nan kashi biyu ne, akwai waɗanda aka yi a kan dajinsu na gida wanda suka sani ciki da bai, akwai kuma waɗanda suka aro labarin daga littattafan Turawan Ingila da Faransa. Ni a ganina na farkon sun fi nauyi nesa ba kusa ba, na biyun kuma sun fi daɗin kallo da iyali.

Ma'aunin da zan bi

Na farko kuɗi. Ba sayen fim ake ba a nan, kamfanin Mosfilm ya zuba fina-finansa masu yawa kyauta a shafinsa na YouTube, da yawa da rubutun Turanci a ƙasa, haka ma Soyuzmultfilm masu katun suna da nasu shafin. Kenan farashin shine data da lokacinka da cajin waya, kuma akwai fim ɗin da idan ka rage ingancin hoto don tsimin data ka kashe shi gaba ɗaya.

Na biyu ƙarko, wato fim ɗin ya tsufa ko har yanzu yana nan da ƙarfinsa, zaka iya sake kallonsa baɗi ko kuwa sau ɗaya ne shikenan.

Na uku sauƙin bi. Kada ka je da tsammanin fassara irin wadda muka saba da ita a fim ɗin Indiya, a nan karatun rubutu zaka yi, to wane ne zaka gane ko da rubutun ya wuce ka, wane ne kuma sai ka zuba ido?

Na huɗu abin lura, mutuwa da jini, tsafi da bokanci, giya, da yadda aka nuna ƙabilun da ba Turawa ba. Wannan ya fi shafar masu yara a gida.

Dersu Uzala (1975)

Wannan shine babban yayansu. Mosfilm ce ta yi shi amma daraktan Bajapane ne, Akira Kurosawa, kuma shine kaɗai fim ɗinsa da ba da yaren Japan ba. Ya ci babbar kyauta a bikin fina-finai na Mosko a 1975, sannan ya ciyo wa Tarayyar Sobiyet kyautar Oska ta fim ɗin harshen waje a 1976. Labarin ba ƙage bane, daga littafin Vladimir Arsenyev aka ɗauko, wani hafsan soja kuma safiyo da aka tura ya zana taswirar yankin kogin Ussuri can gabas mai nisa kusa da iyakar Sin. A fim ɗin, a 1902 ya haɗu da wani tsohon maharbi ɗan ƙabilar Nanai mai suna Dersu, suka sake haɗuwa a 1907. Yuri Solomin ne ya fito a Arsenyev, Maksim Munzuk ɗan yankin Tuva ya fito a Dersu.

Da dare suka fara ganinsa, sojoji suna zaune bakin wuta suka ji motsi suka ɗauka dabba ce har sun kai hannu ga bindiga, sai ga ɗan gajeren tsoho da jaka a baya ya zo ya zauna ya kunna lofensa kamar dama gidansa ne. Matarsa da 'ya'yansa agana ta kashe su, bashi da gida sai dajin. Da farko sojojin dariya suke masa saboda yana kiran wuta da ruwa da iska mutane, yana yi musu magana. Dariyar bata daɗe ba. Duk wanda ya taɓa bin tsohon maharbi na ƙauye cikin dawa ya ga yadda yake duba sawu ya faɗa maka abin da ya wuce da lokacin da ya wuce, to ya san irin mutumin nan, bambancin kawai shi a cikin ƙanƙara yake.

Wurare biyu ne wallahi basa fita a raina. Na ɗaya, sun kwana a wata tsohuwar bukka da ba kowa, da zasu tashi sai Dersu ya gyara rufin, ya tara itace, ya roƙi kyaftin shinkafa da gishiri da ashana ya ƙunshe ya ajiye. Aka tambaye shi ko zai dawo ne, ashe ba don kansa bane, don wanda zai zo bayansu ne, mutumin da bai sani ba kuma bazai taɓa gani ba. Na biyu shine tafkin Khanka. Su biyu suka yi nisa a kan ƙanƙara, iska ta taso ta shafe sawunsu, rana tana gangarawa, ba itace ba dutse ba inda za'a fake, Dersu yace su yanki ciyawa da sauri in ba haka ba sun mutu. Kyamara ta tsaya a kansu suna yanka suna tarawa iska tana kwashewa, kyaftin ya faɗi ya tashi ya sake faɗuwa har ya suma, shi kuwa tsohon ya kafa ƙafafun nan uku na na'urar awo ya lulluɓe da ciyawar ya ja shi ciki. Kusan babu magana a wajen gaba ɗaya, numfashi ne da kukan iska, amma zaka ji hannunka yana sanyi.

Rabin ƙarshe na fim ɗin ya fi ciwo. Akwai damisar nan mai ratsi-ratsi ta yankin Amur wadda Dersu yake kira Amba, ya harbe ta ba da son ransa ba, daga nan hankalinsa ya ƙi kwanciya don ya yi imani mai dajin zai rama. Sannan idonsa ya fara mutuwa, maharbi kuwa idan ido ya tafi me ya rage? Kyaftin ya ɗauke shi zuwa gidansa a birnin Khabarovsk, mutumin da ya rayu a fili aka sa shi cikin ɗaki yana kallon murhu, ya ga ana sayar da ruwa ransa ya ɓaci, ya je ya sari itace a lambun gwamnati aka kama shi. Ba ɓata maka labari na yi ba idan nace ƙarshen mutuwa ce, tun farkon fim ɗin a 1910 kyaftin yake neman kabarinsa, ya tarar an sare itatuwan da ya yi alama dasu ana gina gari.

Ta wajen kuɗi shine mafi tsada cikin masu kashi ɗaya, yana kaiwa wajen awa biyu da minti ashirin da wani abu, kuma da fim mai faɗin milimita 70 aka ɗauke shi, sau da yawa mutanen 'yan ƙanana ne a tsakiyar fili mai faɗi, idan ka kalla a ƙaramar waya da hoto mara kyau ɗigo biyu kawai zaka gani suna motsi. Ka jira datar dare ka sauke mai kyau ka jona a talabijin. Ƙarko kuwa ba'a magana, bai tsufa ba ko kaɗan. Sauƙin bi yana da shi don maganar kaɗan ce kuma gajeru ne, amma tafiyarsa a hankali take, wanda ya saba da fim mai gudu zai yi hamma a rabin awan farko. Abin lura, aƙidar Dersu ta gargajiya ce, yana ganin ruhi a komai, idan da yara ake kallo sai an yi musu bayani. Babu tsiraici, jini kaɗan ne.

Neotpravlennoye Pismo (1960)

Ma'anar sunan wasiƙar da ba'a aika ba, wajen nema zaka fi saurin samunsa da sunan Letter Never Sent. Darakta Mikhail Kalatozov, mai kyamara Sergei Urusevsky, su biyun ne suka yi fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 1958, wannan ma an kai shi gasar Cannes a 1960. Baƙi da fari ne, wajen awa ɗaya da rabi da 'yan mintuna.

Mutum huɗu ne, maza uku da mace ɗaya, masu binciken ma'adinai da aka sauke a tsakiyar Saiberiya su nemo daimon. A lokacin maganar tana da zafi a ƙasar, don a 1954 da 1955 ne aka gano manyan ramukan daimon na Yakutiya. Shugabansu Sabinin, wanda Innokenty Smoktunovsky ya fito a matsayinsa, kullum yana rubuta wa matarsa wasiƙa alhali ba hanyar aikawa. Tatiana Samoilova ce Tanya, tana soyayya da Andrei, shi kuma Sergei mai yi musu jagora yana sonta a ɓoye abin yana cinsa. Suka yi ta haƙa wata da watanni ba komai, har suka dace. Murna bata gama sauka ba suka farka suka tarar dajin ya kama da wuta ta ko'ina.

Daga nan fim ɗin ya zama wani abu daban. Kyamara a hannu take tana gudu tare dasu cikin rassa da hayaƙi, wuta ce ta gaske ba ta kwamfuta ba, har ka riƙa tambayar kanka ta yaya mai ɗaukar ya fita da rai. Rediyonsu ta lalace ta ɓangare ɗaya, suna jin ana yi musu barka da nasara daga can amma su ba'a jinsu, jiragen da suka zo nema hayaƙi ya hana su gani. Bayan wuta sai ruwan sama, bayan ruwa sai hunturu ya sauko, ga taswirar inda daimon ɗin yake dole wani ya kai ta.

A data yana da sauƙi, kuma da yake fuskoki ake yawan matsowa dasu kusa ko a waya yana kyau. Ƙarkonsa biyu ne, hoton har gobe abin mamaki ne, amma maganganun kishin ƙasa da sadaukar da rai don ci gaban masana'antu sun ɗan yi tsami, zaka ji zamanin da aka yi shi a ciki. Rabin farko yana buƙatar karatu don ka gane wa ke son wa, rabin ƙarshe ko ka kashe rubutun zaka gane. Haɗarinsa shine nauyin zuciya, mutanen ɗaya bayan ɗaya suke tafiya kuma ba'a sassauta maka, ba fim ɗin hutawa bayan aiki bane, ba kuma na yara bane.

Zemlya Sannikova (1973)

Wato Ƙasar Sannikov. Wannan shine mai nishaɗi a cikin na manya. Asalin maganar tarihi ce, a farkon ƙarni na 19 wani ɗan kasuwa mafarauci Yakov Sannikov yace ya hango ƙasa can arewa da tsibiran Sabuwar Saiberiya cikin tekun ƙanƙara, mutane suka yi ta nema, har Baron Eduard Toll ya ɓace a wannan yankin a 1902, daga baya aka tabbatar babu ita. Masanin duwatsu Vladimir Obruchev ya rubuta labari a 1926 a kan cewa ai tana nan, dutse mai aman wuta ne yake ɗumama ta daga ƙasa. Albert Mkrtchyan da Leonid Popov suka mayar da shi fim a Mosfilm.

Wani mai ilimi da gwamnatin sarki ta kora zuwa Saiberiya mai suna Ilyin ya shawo kan wani attajiri mai haƙar zinariya ya biya kuɗin tafiya, shi attajirin zinariya yake hange. Aka tafi da keken ƙanƙara da karnuka ke ja, tare da wani hafsa mai ganganci, Krestovsky, wanda Oleg Dal ya fito a matsayinsa, da baran attajirin wanda ɗan barkwanci Georgy Vitsin ya taka. Bayan baƙar wahala suka faɗo wani kwari mai ɗumi, koren ciyawa da tururi yana tashi daga ƙasa a tsakiyar ƙanƙara, ga wata ƙabila Onkilon da bokansu wanda tun ganin farko bai so baƙin ba. Shahararren ɗan rawa Makhmud Esambayev ne bokan, kuma shine abin da ya fi tsayawa a ido. Wasu wuraren a Kamchatka aka ɗauka, a kwarin nan mai maɓuɓɓugan ruwan zafi masu feshi sama, don haka tururin na gaske ne.

Kala ne, wajen awa ɗaya da rabi, data daidai wa daida. A ƙarko gaskiya ya fi sauran tsufa, kayan ƙabilar da raye-rayensu kana gani ka san shiri ne na situdiyo, labarin ma yana tsalle a wasu wuraren, kuma manyan dabbobin zamanin da waɗanda ke cikin littafin ba'a sa su a fim ɗin ba. Abin da ya riƙe shi har yau a Rasha waƙarsa ce da Aleksandr Zatsepin ya yi wa kiɗa, kusan kowa can ya santa. Yana da magana da yawa musamman a farko, sai ka bi rubutu. Abin lura, bokanci da tsafi a fili suke, akwai shan giya da caca da rai, akwai kisa, sannan ƙabilar an nuna su a matsayin masu sauƙin yaudara da ke jiran baƙo ya buɗe musu ido, abin da a Dersu Uzala akasinsa ne, can ɗan dajin ne malami.

Maugli (1967 zuwa 1971)

Ga mai son kurmi na sosai, da birai da mesa da giwaye, to nan ne. Katun ne na Soyuzmultfilm, darakta Roman Davydov, kashi biyar kowanne wajen minti ashirin, a 1973 aka haɗe su suka zama fim ɗaya. Daga littattafan Rudyard Kipling na 1894 da 1895 aka ɗauko, labarin yaron da kyarketai suka raina a dajin Indiya. A shekarar da kashin farko ya fito, 1967, a ita Disney ma suka fitar da nasu a Amurka, amma kada ka ɗauka abu ɗaya ne. Na Amurka waƙa ne da raha, na Rasha kuwa da gaske yake, dajin yana da doka, ana farauta, ana tsufa, ana mutuwa, yaron ma yana girma a gabanka daga jariri har ya zama saurayi.

Baƙar damisa Bagira a nan mace ce, Lyudmila Kasatkina ta yi muryarta, yadda aka zana tafiyarta da miƙarta kaɗai ya isa kallo. Mesa Kaa ba mugu bane, tsoho ne mai hikima da kowa ke shakka. Anatoly Papanov ya yi muryar Sherkhan, damisa mai ratsi-ratsi abokin gabar Maugli, ga dila Tabaki yana binsa a baya da fadanci da gulma, kiɗan kuma Sofia Gubaidulina ce ta yi shi wadda daga baya ta zama babbar mai tsara kiɗa a duniya. Kashi na huɗu ne gwanin, inda jajayen karnukan daji suka taso garke guda zasu cinye komai, Maugli ya tsokane su ya ja su ta cikin duwatsun da ƙudan zuma ke zaune ya faɗa kogi, sauran da suka tsira kyarketai suka tare su a gaɓa.

Shine mafi arha, zaka iya sauke kashi ɗaya ka gwada, kuma zane ko an rage inganci baya lalacewa sosai. Ƙarko yana da shi, zanen hannu ne mai kyau. Yaro ko bai iya karatu ba zai bi labarin da ido. Abin lura ɗaya zuwa biyu, faɗan karnukan da mutuwar tsohon shugaban kyarketai Akela da yadda aka gama da Sherkhan suna iya tsorata ƙananan yara sosai, sannan akwai wanda aka yi wa muryar Turanci a Amurka a shekarun 1990 aka canza kiɗan, idan ka samu na asali da rubutu a ƙasa shi ya fi.

Af, tunda ana maganar Indiya, akwai Rikki-Tikki-Tavi na 1975 da Aleksandr Zguridi ya yi da haɗin gwiwar Indiya, labarin tunku da macizai gamsheƙa, da dabbobi na gaske. Idan yara sun gama Maugli suna neman ƙari sai a duba shi.

Kyaftin Grant (1936 da 1985)

Labarin Jules Verne ne na Faransa amma Rashawa sun riƙe shi kamar nasu. An tsinci kwalba a cikin cikin kifin shak, da takarda cikin yare uku da ruwa ya cinye rabi, layin taswira da jirgin Kyaftin Grant ya nutse a kai ya fito, digiri 37 a kudu, amma ɗaya lambar ta goge. Sai Lod Glenarvan ya ɗauki 'ya'yan kyaftin ɗin biyu, Meri da Robat, a jirginsa Dunkan suka bi layin nan suna zaga duniya, duwatsun Andes, filayen Patagoniya, Ostareliya, har Niyu Zilan. Tare dasu akwai Paganel, masanin ƙasa mai mantuwa wanda jirgin ma kuskurensa ya yi ya hau.

Na 1936, Deti Kapitana Granta, Vladimir Vainshtok ya yi shi, baƙi da fari, bai kai awa ɗaya da rabi ba sosai, Nikolai Cherkasov ne Paganel, kiɗan Isaak Dunayevsky. Na 1985, V Poiskakh Kapitana Granta, na Stanislav Govorukhin ne, kala, kashi bakwai kowanne wajen awa guda, haɗin gwiwa da Bulgeriya, kuma an ƙara masa 'yan fashi da dawakai da harbe-harbe irin na kaboyi. Mai kashi bakwai ɗin shine mafi cin data a duk jerin nan, kuma ka tabbatar duk kashin suna da rubutu kafin ka fara saukewa, don surutu ne da yawa. Na 1936 sauti da hoto sun tsufa, sai mai sha'awar tarihin silima. Dajin ma aro ne, a na 1985 Kirimiya da Bulgeriya aka mayar Patagoniya. Abin lura shine yadda aka nuna 'yan asalin ƙasashen, idon Bature ne na ƙarni na 19.

Wannan matsalar ta fi fitowa a wani fim ɗin na Verne, Pyatnadtsatiletniy Kapitan na 1945, inda mugun kuku ya lalata kamfas jirgi ya kauce ya faɗa Angola hannun masu cinikin bayi. Fim ɗin yana tsine wa bauta ƙarara, wannan kam a yaba masa, amma ba'a Afirka aka ɗauke shi ba kuma duk ɗan Afirka yana gani zai gane, shi yasa ban sa shi cikin biyar ɗin ba.

Ga su a jere

| Fim | Data da lokaci | Ƙarko | Sauƙin bi | Abin lura |
|---|---|---|---|---|
| Dersu Uzala, 1975 | Da yawa, sama da awa 2, yana son babban allo | Bai tsufa ba | Magana kaɗan, tafiya a hankali | Aƙidar gargajiya, ƙarshe mai ciwo |
| Neotpravlennoye Pismo, 1960 | Kaɗan, wajen awa 1 da rabi | Hoto ya riƙe, wasu maganganu sun tsufa | Farko sai karatu, ƙarshe ido ya isa | Mace-mace, nauyin zuciya |
| Zemlya Sannikova, 1973 | Matsakaici, wajen awa 1 da rabi | Ya ɗan tsufa | Sai an bi rubutu | Bokanci, giya, kisa |
| Maugli, 1967 zuwa 1971 | Mafi arha, kashi 5 na minti 20 | Yana nan daram | Mafi sauƙi | Faɗa da jini ga ƙananan yara |
| Kyaftin Grant, 1985 | Mafi tsada, kashi 7 | Matsakaici | Surutu da yawa | Yadda aka nuna 'yan ƙasa |

To wanne ne naka?

Idan fim ɗaya tak zaka kalla a cikinsu, Dersu Uzala ne, bana ko tantama, amma da sharaɗi, ka samu dare da ba hayaniya da allo mai ɗan girma, kada ka yi masa kallon cikin mota ko na tsakanin aiki. Idan yanzu waya kaɗai gareka kuma datar ta kusa ƙarewa, ka ajiye shi tukuna ka fara da Maugli, ko kai babba ne bazaka ji ka yi asara ba.

Mai yara 'yan firamare a gida, Maugli, ka zauna dasu a kashi na huɗu da na biyar. Idan sun kai sakandare kuma suna iya bin rubutun Turanci da sauri, Kyaftin Grant na 1985 zai riƙe su sati guda ana kallon kashi ɗaya kowane dare, kuma ka ɗauko taswirar duniya ka ajiye kusa don zasu tambaya ina ne Patagoniya.

Wanda yake harkar fim, mai riƙe kyamara ko mai son zama darakta a Kannywood ko ma mai ɗaukar bidiyo da waya, Neotpravlennoye Pismo ne makarantarsa, ya kalli wajen gobarar sau biyu, na biyun ya kashe sauti ya lura da inda kyamara take tsayawa da inda take gudu. Haka wanda yake son labarin tsira da rai tsantsa kuma zuciyarsa tana ɗauka.

Idan kuwa abokai ne aka taru ana son abin da za'a kalla ana hira, da tafiya da abin mamaki da ɗan barkwanci da waƙa, Zemlya Sannikova ya fi dacewa, in dai ba wanda wuraren bokan zasu dama a cikinku. Mai son dabbobi da farauta da sanin sawu, ko wanda yake da tsoho a gida da ya yi rayuwar dawa, ya koma kan Dersu, in da hali ma ku kalla tare da tsohon kana faɗa masa abin da ake cewa, maganar ba yawa gareta ba zaka iya.